Yadda ake neman galaksoshin farko, da abin da ya sa "mafi nisa" yake ta sauyawa

"Assalamu alaikum Malam. Na ji a labarai cewa madubin hangen nesa na James Webb ya hango wani galaksi, wato wani babban taron taurari, kamar yadda yake shekara miliyan 280 kacal bayan farkon sararin samaniya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta yaya ake sanin shekarun abin da babu wanda ya je wurinsa, alhali a hoto ɗigon ja ne kawai? Sannan kusan duk shekara sai an ce an gano mafi nisa, ba a jima ba a ce an sami wani. Na baya kuskure aka yi? Kuma akwai ranar da za a ce ga na farkon nan an gani?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi uku ka haɗa wuri ɗaya: yadda ake auna tsufan hasken, dalilin da ya sa kambun "mafi nisa" yake ta sauya hannu, da kuma ko akwai galaksi guda da za a nuna a ce shi ne na fari. Aikina ke nan, tace hotunan sama masu zurfi da bin diddigin irin waɗannan ɗige-ɗige, kuma shakkar da ka nuna game da ɗigon ja tana kan hanya, domin ita ce muke fama da ita kullum. A kanta zan fi daɗewa, amma sai mun share fage tukuna.

Haske yana da gudu, sai dai ba nan take yake isa ba. Kilomita kusan 300,000 yake ci a daƙiƙa ɗaya. Hasken rana yana yin minti takwas da 'yan kai kafin ya iso mu, na galaksin Andromeda kuwa, babban maƙwabcinmu, shekara kusan miliyan 2.5. Don haka duk wanda ya dubi nesa, zamanin da ya wuce yake dubawa. Shekarun sararin samaniya kusan biliyan 13.8 ne. A farkonsa zafi da cunkoso sun yi yawa har haske ba ya iya tafiya miƙe. Sai bayan shekara kusan 380,000 aka huce, ƙwayoyin zarra na haidirojin da hiliyom suka haɗu, haske ya sami hanya. Wannan tsohon hasken ne Arno Penzias da Robert Wilson suka sanar da ganowa a 1965. Daga nan aka shiga wani dogon zamani na duhu: ga iskar gas ko'ina, babu tauraro ko ɗaya. Ƙarfin jan nauyi ya yi ta tattara gas ɗin sannu a hankali, har taurarin farko suka kunnu, bisa lissafi tsakanin shekara miliyan 100 zuwa 200 bayan farawa. Galaksoshin da muke nema su ne garken taurari na farko da suka biyo bayan wannan.

Miƙewar haske, agogon da muke da shi

Sararin samaniya yana buɗewa. Georges Lemaître ya nuna haka a lissafi a 1927, Edwin Hubble ya kawo awon da ya ƙarfafa shi a 1929. Haske igiya ce mai zango, shuɗi yana da gajeren zango, ja yana da dogo. Idan haske ya daɗe a hanya yayin da sararin da yake ratsawa ke buɗewa, zangonsa yana miƙewa tare da shi, kamar ka yi zane a jikin roba sannan ka ja ta: zanen yana nan, amma kowane layi ya ƙara tsawo daidai gwargwadon jan da aka yi. Wannan miƙewar ce muke aunawa da harafin z. Idan z ya kai 1, zangon ya ninka biyu. Idan ya kai 14, ya ninka goma sha biyar, wato sararin samaniya ya buɗe ninki goma sha biyar tun lokacin da hasken ya baro gida.

Ka lura, z shi ne abin da muke aunawa kai tsaye. Shekarun da ka ji a labarai daga gare shi ake fitar da su, ta amfani da tarihin buɗewar sararin samaniya da aka auna ta wasu hanyoyi dabam, musamman daga wancan tsohon hasken. A z na 11 ana maganar shekara miliyan 400 da ɗoriya bayan farawa, a z na 14 kusan miliyan 300, a z na 20 kusan miliyan 180. Lambar tana tsalle, amma shekarun da ake ƙarawa suna raguwa. Kuma nisan da galaksin yake a yau ya wuce tafiyar haske ta shekara biliyan 13.5 da hasken ya yi, domin sararin da ke tsakaninmu bai daina buɗewa ba. Irin waɗannan yanzu sun haura tafiyar haske ta shekara biliyan 30.

Ta yaya ake sanin asalin zangon kafin ya miƙe? Kowane sinadari yana da zangunan da yake fitarwa ko yake haɗiyewa, kuma an auna su a ɗakin gwaji. Wanda ya fi yi mana amfani shi ne na haidirojin a nanomita 121.6 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), can cikin hasken da ya ƙetare shunayya, wanda ido ba ya gani. A zamanin galaksoshin farko, sarari cike yake da haidirojin da bai tarwatse ba, wato wanda ƙwayoyin zarrarsa suke nan a haɗe, kuma yana haɗiye kusan duk hasken da zangonsa ya gaza wannan adadi. Sai ya zama hasken galaksin yana da gaɓa kamar an sare shi: ta gefe ɗaya akwai haske, ta ɗaya gefen babu komai. Inda ka iske wannan gaɓar, nan z yake. Ga galaksin da ka ji labarinsa, MoM-z14, wanda tawagar Rohan Naidu ta sanar a watan Mayun 2025 da z na 14.44, gaɓar ta tashi daga nanomita 121.6 ta koma kusan 1,880. Idon ɗan Adam yana gani ne daga kusan 400 zuwa 700. Madubin hangen nesa na Hubble, wanda ya riga Webb zuwa sama, yana tsayawa a kusan 1,700. Ka ga dalilin da ya sa Hubble ba zai taɓa ganinsa ba ko da zai shekara yana kallon wurin, kuma ka ga dalilin da ya sa aka ƙera Webb don hasken da ya ƙetare ja. Jan da ka gani a hoton ma launi ne da aka sanya wa zango mafi tsawo domin ido ya iya bambancewa.

Ɗigon ja ba hujja ba ne

Ga yadda aikin yake a zahiri. Ana ɗaukar hoton fili ɗaya na sama sau da yawa, kowane ta matatar haske dabam, daga mai gajeren zango zuwa mai dogo. A hoto guda akwai galaksoshi dubbai. Abin da nake nema shi ne wanda yake fitowa sarai a matatun dogon zango, sannan ya ɓace ɗungurungum a na gajere. Charles Steidel da abokan aikinsa ne suka shahara da wannan dabara tun a shekarun 1990, lokacin ana neman galaksoshin da ke z na 3. Dabarar ba ta sauya ba, matatun ne suka yi ta matsawa. Kwamfuta tana kwatanta hasken kowane ɗigo da samfura masu yawa, ta ce wannan mai yiwuwa z ɗinsa 13 ne ko 14. Daga nan sai in buɗe hotunan da kaina, ɗaya bayan ɗaya. Da yawa a nan suke faɗuwa: wani tartsatsin tauraro ne mai haske a kusa, wani tabo ne a na'urar ɗaukar hoto, wani kuma yana da ɗan haske a matatar da bai kamata a gan shi ba.

Wanda ya tsallake wannan, ɗan takara ne kawai, kuma ina so ka riƙe wannan bambancin. Akwai abubuwan da suke kwaikwayon galaksin farko. Akwai ƙananan taurari masu sanyi a cikin galaksinmu, waɗanda nauyinsu bai kai su kunnu sosai ba, su ma ja ne kuma suna ɓacewa a gajeren zango. Akwai kuma galaksoshi na matsakaicin nisa masu ƙura da yawa, ƙurar ta shanye musu hasken shuɗi. Misalin da kowa a fannin ya sani shi ne CEERS-93316. A 2022, makonni kaɗan bayan fitowar hotunan Webb na farko, an ƙiyasta z ɗinsa ya haura 16, wanda da ya zama abin mamaki ƙwarai. Da aka yi masa awo na gaske, sai ga shi a 4.9, wato shekara fiye da biliyan ɗaya bayan farawa. Abin da ya faru shi ne layukan haske masu ƙarfi na oksijin da haidirojin sun faɗa daidai cikin wasu matatun suka ƙara musu haske, ƙura kuma ta dushe sauran, sai haɗin ya ba da siffar gaɓar nan. Ban ɗauki wannan a matsayin abin kunya ga waɗanda suka sanar da shi ba. Sun ce ɗan takara ne, kuma awon da ya biyo baya ya koya wa kowa wani tarko da ba a ba shi muhimmanci sosai a da ba.

Awo na gaske shi ne a rarraba hasken ɗigon zango-zango, yadda ake ganin bakan gizo, a ga gaɓar da ido, in an yi sa'a a ga layukan sinadarai ma. Na'urar NIRSpec da ke cikin Webb ce take yin wannan. Tana da 'yan ƙananan tagogi kusan 250,000 da ake buɗewa ko rufewa ɗaya-ɗaya, don a bar hasken galaksoshin da aka zaɓa kaɗai ya shiga, har fiye da ɗari a lokaci guda. Matsalar ita ce hasken da dama can bai taka kara ya karya ba, yanzu kuma an shimfiɗa shi, don haka ana bukatar sa'o'i masu yawa. Wani galaksi mai suna JADES-GS-z14-0 ya ci kusan awa goma a watan Janairun 2024 kafin a tabbatar da shi, kuma shi mai haske ne a cikin ire-irensa. Lokacin Webb kuwa gasa ake yi a kansa, masu nema sun ninka abin da ake iya bayarwa sau da yawa. Shi ya sa 'yan takara suke da yawa, tabbatattu kaɗan. Idan ka ga labari irin wannan nan gaba, abin da za ka fara nema a ciki shi ne ko an rarraba hasken, ko kuwa daga launin hoto kawai aka yi ƙiyasi.

Ko tabbataccen ma yana iya ɗan motsawa. An fara ba JADES-GS-z14-0 z na 14.32 daga gaɓar kaɗai. A 2025, tawagogi biyu suka sanar da ganin layin oksijin ɗinsa da madubin rediyo na ALMA da ke hamadar Atacama a ƙasar Chile, sai adadin ya daidaita a 14.18. Layi siriri ya fi gaɓa kaifin awo, shi ke nan. Wannan gyara ne na 'yan shekaru miliyan kaɗan, bai kama ƙafar na CEERS-93316 ba.

Abin da ya sa kambun yake ta sauya hannu

Mafi yawan lokuta na baya ba kuskure ba ne, kayan aiki ne suka ƙaru. A watan Disamban 1995 Robert Williams, wanda ke shugabantar cibiyar da ke kula da aikin kimiyyar Hubble a lokacin, ya sa aka kafe madubin na kwana goma a kan wani ɗan fili da ake ganin babu komai a cikinsa. Galaksoshi kusan 3,000 suka bayyana. Hoto mafi zurfi na 2004 ya nuna kusan 10,000. A 2009 'yan sama-jannati suka sanya wa Hubble sabuwar kyamara mai ganin ƙetaren ja, kuma da ita Pascal Oesch da abokan aikinsa suka sanar da GN-z11 a 2016, kusan shekara miliyan 400 bayan farawa. A nan Hubble ya kai iyakarsa.

An harba Webb ranar 25 ga Disamba 2021 daga Kourou a yankin Guiana na Faransa, aikin haɗin gwiwar hukumomin sararin samaniya na Amurka da Turai da Kanada. Faɗin madubinsa mita 6.5, na Hubble 2.4. Yana can kilomita kusan miliyan 1.5 daga Duniya, bayan wata rumfa mai shimfiɗa biyar da ke tare masa zafin rana, domin duk abin da ke da ɗumi yana fitar da irin hasken da ake son gani, har madubin kansa. Kafin 2022 ta ƙare an tabbatar da JADES-GS-z13-0 a 13.2, sai z14-0 a 2024, sai MoM-z14 a 2025. Ba zan yi mamaki ba in kafin ka karanta wannan an ƙara wani.

A ganina, tseren kambun shi ne ɓangare mafi ƙarancin muhimmanci. Tsakanin 14.18 da 14.44 tazarar shekara wajen miliyan goma ce, ba ta sauya fahimtarmu. Abin da ya girgiza fannin shi ne yawansu da haskensu. Kafin Webb, yawancin lissafi yana cewa galaksoshi masu haske a wannan zamani za su yi wuyar samu ainun. Sai ga su sun fi abin da aka zata yawa nesa ba kusa ba. JADES-GS-z14-0 faɗinsa ya kai tafiyar haske ta shekara kusan 1,600. Ƙarami ne in aka gwada da namu mai kusan 100,000, amma faɗin ya nuna taurari ne suke haskaka shi, ba wani abu guda a tsakiya ba. Sannan ga oksijin. A farkon sararin samaniya haidirojin da hiliyom ne kawai, da ɗan burbushin litiyom. Oksijin a cikin taurari ake dafa shi, kuma sai sun mutu yake bazuwa. Samunsa a wannan galaksi yana nufin an riga an haifi taurari sun mutu kafin shekara miliyan 300 ta cika. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a duk binciken.

Dalilan da ake kawowa suna da dama, kuma har yanzu ana tafka muhawara. Wasu sun ce gas a lokacin yana da kauri, don haka yana zama taurari da sauri fiye da yau. Wasu sun ce taurarin farko sun fi karkata ga manya, kuma babban tauraro yana ba da haske mai yawa ƙwarai idan aka kwatanta da nauyinsa, sai galaksin ya yi kamar ya fi ainihin girmansa. Wasu sun ce haihuwar taurari a ƙananan galaksoshi fashe-fashe take yi, ta tashi ta kwanta, mu kuma waɗanda muka kama a lokacin tashi su ne muke gani. Akwai kuma gudummawar baƙaƙen ramuka, wato wuraren da ƙarfin jan nauyinsu ya kai ko haske ba ya kuɓuce musu, waɗanda gas ɗin da suke haɗiya yake haskakawa kafin ya faɗa ciki, abin da ya bayyana a wasu daga cikin jajayen ɗige-ɗigen da aka fara ɗauka galaksoshi ne masu nauyin da ya wuce hankali. Ni na fi karkata ga cewa bayanin fashe-fashe yana ɗauke da kaso mai kyau, domin a bakan hasken da nake dubawa, wato hasken da aka rarraba zango-zango, ana ganin galaksoshi masu alamar sun kunnu kwanan nan, da wasu da suka yi shiru ba da daɗewa ba. Amma wannan ra'ayi ne, kuma tabbatattun da suka haura z na 13 ba su kai yawan da za a yanke hukunci da su ba. Abin da zan iya gaya maka da ƙarfi shi ne, kanun labaran da ke cewa Webb ya rusa ka'idar Babbar Fashewa, wato bayanin cewa sararin samaniya ya faro ne cikin zafi da cunkoso sannan ya yi ta buɗewa, sun wuce gona da iri. Abin da ke bukatar gyara shi ne fahimtarmu ta yadda gas yake zama taurari. Buɗewar sararin samaniya da shekarunsa suna tsaye a kan wasu hujjojin masu zaman kansu.

Za a ga na farkon?

Galaksi guda da za a ce shi ne na fari, a'a. Abin ya faru ne a wurare marasa adadi kusan lokaci ɗaya, kuma babu layin da ya raba ƙaramin garken taurari da galaksi. Bugu da ƙari, waɗanda muke gani yanzu su ne mafiya haske a zamaninsu. Na gama-gari, waɗanda suka fi yawa kuma daga irinsu ne galaksi kamar namu ya ginu, sun fi ƙarfin madubin. Hanya ɗaya ta kai musu ita ce aron tabarau daga sama: babban taron galaksoshi kamar Abell 2744 yana lanƙwasa hasken abin da ke bayansa da ƙarfin nauyinsa, kamar yadda ka'idar Einstein ta nuna, ya ƙara masa haske ninki goma ko fiye. Sai dai filin da ake gani ta wannan hanya ƙarami ne, kuma dole a san yadda nauyin taron ya rarrabu kafin a faɗi ainihin hasken abin da aka gani.

Abin da ya fi cancantar a kira "na farko" shi ne galaksin da taurarinsa ba su da komai sai haidirojin da hiliyom. Alamarsa a bakan haske ita ce layin hiliyom mai ƙarfi ba tare da oksijin ko kabon ba. An sami wuraren da sinadaran suka yi ƙaranci sosai, amma babu wanda aka yi ittifaƙi a kansa cewa tsantsar zuriyar farko ce. Irin waɗannan taurari, idan manya ne kamar yadda ake zato, shekara miliyan kaɗan suke yi su mutu su gurɓata gas ɗin da ke kewaye da su, don haka damar kama su gajeriya ce.

Akwai kuma hanyar da ba ta neman galaksin kansa, sai sawunsa. Haidirojin da bai tarwatse ba yana fitar da siginar rediyo mai zangon santimita 21, kuma hasken taurarin farko yana sauya wannan siginar, daga baya ya tarwatsa gas ɗin kumfa-kumfa, aikin da ya kammala wajen shekara biliyan ɗaya bayan farawa. Wannan ba ɓangarena ba ne, ina bin sa ne ta hannun abokan aiki, amma na san wahalarsa: hayaniyar rediyo ta galaksinmu ta ninka siginar sau dubbai. A 2018 gwajin EDGES a Ostireliya ya ba da rahoton ganin alama a kusan megahaz 78, daidai da shekara wajen miliyan 180 bayan farawa, amma gwajin SARAS 3 na Indiya bai ga haka ba a 2022. Madubin rediyo na HERA da ke yankin Karoo a Afirka ta Kudu yana kan wannan aiki, ana kuma gina wani babban madubin rediyo mai suna SKA a Afirka ta Kudu da Ostireliya, wanda ɓangarensa na Ostireliya aka tsara shi don irin wannan dogon zango. A ɓangaren haske kuwa, madubin ELT mai faɗin mita 39 da ake ginawa a Chile zai iya rarraba hasken galaksoshin da Webb ya gano dalla-dalla fiye da yadda ake yi yanzu, ko da yake iskar Duniya za ta tare masa wasu zangunan da Webb yake gani ba shamaki.